Kafin Mu Hau Wurin Mama

Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

Odette ta iso. Motar Bamenda ta sauke ta a tasha da tsakar rana, ruwa na zuba, ita kuwa daga ita sai riga mara hannu da silifa, kamar mai shan iska a bakin teku. Matar ƙanena Keming ce, 'yar Kribi. Rabona da ita tun bikinsu, shekara uku ke nan, amma tun daga nesa na gane ta, don duk tashar garinmu Elak babu mai tsawonta, babu kuma mai karkarwa irin tata.

Na yafa mata bargon da na zo da shi. Haƙoranta na haɗuwa ta ce, "Yaya Feli, wai a cikin firji kuka gina garin nan?"

Na ce, "Wannan ai rana ce, 'yar teku. Bari gari ya waye ki gani."

Da jaka biyu ta zo. Ɗaya tata. Ɗayar na san ta, ni na saya wa Keming a Kumbo lokacin da zai fara fita neman aiki. Na tura ta ƙarƙashin gado. Mai ita zai zo ya buɗe abarsa.

Daga tasha zuwa gidana ɗan hawa ne da 'yan makaranta ke yi a guje. Odette kuwa in ta yi taku kaɗan sai ta tsaya ta dafa gwiwa tana haki. Ta ce iskarmu ba ta da nama, mutum ya yi ta ja ba ya ƙoshi. Na ce duk wanda ya zo daga ƙasa haka yake yi. Na ga malaman makaranta, na ga jandarmomi, na ga wani ƙaton mai sayen dankali daga Douala da ya zube a ƙofar shagona. Duk sun saba. Ita ma za ta saba.

Ta so ta fara wancan zancen. Na ce ta ci tuwo tukuna.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Kai na sara mata, leɓɓa sun farfashe, ta ce da barci ya ɗauke ta sai ta farka kamar an toshe mata hanci. Na shafa mata kakin zuma a baki, na haɗa mata ruwan citta da farar zumarmu, na ce ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishirwa.

Tana ajiye kofi ta ce, "Yau za ki kai ni wurin Mama."

Na kama hannunta na fito da ita tsakar gida. Gajimare ya ɗan yaye, ana hango bakin daji can ƙoli, wani siririn hayaƙi na tashi. Na ce, "Kin ga hayaƙin can? Murhun Mama ke nan. Babur ba ya zuwa da damina, ƙafa ce kawai. Ke da kika kusa mutuwa tsakanin tasha da nan..."

Sai na ji kalmar ta yi mini ɗaci a baki. Na ce dai ta bari ƙirjinta ya saba.

Kuma gaskiya na faɗa, hawan ya fi ƙarfinta yanzu. Ban da haka, Mama ta tsufa, zuciyarta ba ta son girgiza. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin Turancin buroka, sai harshenmu na Oku. Ko Odette ta je, da wane baki za su yi magana in ba nawa ba? Mama ba ta san komai ba. Babu ma abin da za ta sani, tunda ba a tabbatar da komai ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, da la'asar

Baffa Ndifon, ƙanen babanmu, ya zo shago ya zauna a bencin baya, bai ce a zuba masa abinci ba. Duk dangi shi kaɗai na gaya wa. Ya gaisa da Odette, ya daɗe yana dubanta, sannan ya juyo gare ni da harshenmu.

"Felisiya, jirgin ruwa ya tashi daga Kribi da kaya za shi garin Bata. Ƙanenki ke kula da inji. Jirgi bai isa ba. Wata ya wuce. An tsinci waɗanda aka tsinta. Me kike jira?"

Na ce, "Shi nake jira, Baffa. An tsinci waɗanda aka tsinta, shi ba a tsince shi ba. Mutum nawa masunta suka ɗauka suka sauke a wata ƙasa, ba takarda, ba waya, sai bayan wata da watanni a gan su sun dawo? Keming ba rago ba ne. Ni na goye shi, na san ƙarfin hannunsa."

"Uwarsa tana da hakki."

"Hakkinta shi ne kada a kashe ta da labarin da ba a tabbatar ba."

Ya ce ya ba ni lokaci, amma ba mai yawa ba, don maganar ba za ta ɓoyu ba. Ya tashi. Na zuba masa wake a kwano na bi shi da shi har bakin hanya. Ya karɓa.

Juma'a, 8 ga Agusta, da safe

Odette ta yi haɓo. Ta ɓata mini matashin kai. Na ce ba komai, hancin ne ke koyon aiki.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Ta matsa sai ta taya ni aiki a shago. Macen da ta saba gasa kifi ga cincirindon mutane a bakin ruwa ba ta iya zaman banza. Na ba ta wake. Ta ɗora shi a lokacin da ta saba ɗora na garinsu, ta yi ta tura itace, ruwa na tafasa, wake kuwa kamar tsakuwa. Har masu dako suka zo cin abincin rana tana ɗanɗanawa tana zagin waken da harshensu na Batanga.

Ma Nying, maƙwabciyata mai sayar da dankali, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Amarya, a nan ruwa ƙarya yake yi, yana tafasa bai yi zafi ba. Tun jiya ake jiƙa wake."

Odette ta ce, "Iska ƙarya, ruwa ƙarya, rana ma ƙarya, ta fito ba ta ɗumama kowa. To mene ne gaskiya a garin nan?"

Ma Nying ta ce, "Hawa. Shi kam ba ya ƙarya."

Da waken ya ƙi, sai ta ciro bandar kifin da ta zo da ita, ta yi wata miya da barkono, muka tuƙa tuwo da sauri. Masu dako suka ci suna sharce gumi suna neman ƙari. Ɗaya daga cikinsu ya ce in dai haka ake ci a bakin teku, ya gane abin da ya hana Keming dawowa gida. Bai san komai ba, bawan Allah. Aka yi dariya, ni ma na yi. Odette ta juya ta fuskanci murhu.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Na hau wurin Mama ni kaɗai, da gishiri da manja da sabulu kamar kullum. Na same ta a bakin ƙofa tana ɓare wake, hular ulu a kanta, ƙafa a cikin toka mai ɗumi. Ta nuna mini zakaran da ta ware, ja, ya yi ƙiba har tafiya na ba shi wuya. Ta ce na Keming ne. Ya yi mata alkawari da an fara karyar masara zai zo ya gyara mata rufin madafa, ya kawo matarsa ta ga inda aka binne cibiyarsa.

"Ya yi waya?"

Na ce aiki ya riƙe shi.

"Aiki," in ji ta. "Yaron nan tun yana ƙarami in ya kama ƙarfe ba ya jin kira."

Na faskara mata itace, na ɗebo ruwa, na sauko da wuri kada hazo ya rufe hanya. Ban gaya mata Odette na gidana ba. Ba ƙarya na yi ba. Ba ta tambaya ba.

Talata, 12 ga Agusta, da rana

Waya ta yi ƙara, na kusa kifar da tukunya. Mai manja ne.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Tana sabawa, kamar yadda na faɗa. Ciwon kai ya tafi. Ta daina wankan asuba, ta koyi jira sai rana ta take ta dafa ruwa. Wankinta ya yi ta kwana a igiya bai bushe ba, har na nuna mata gorar da ke saman murhu. Yanzu ta ce ita da kifinta ƙamshinsu ɗaya. Ta sa takalmin robata na ruwa da rigar sanyin marigayi baban yarana, ga tsawo, sai ka ce jandarma ya zo kama mai laifi.

Tana cin tuwon masara da ganyen njama-njama har da suɗe hannu, ko da yake ta ce abinci ba kifi kamar coci ne ba waƙa. Ranar da ta fara ɗaukar kaya daga kasuwa a ka ta ɗora, irin nasu. A gangaren farko santsi ya kwashe ta, dankali ya riga ta isa gida. Yanzu a baya take goya kwando kamar kowa.

Ma Nying na koya mata gaisuwa da harshenmu. Jiya ta gaida wani dattijo, maimakon ta tambaye shi kwanan iyali sai ta tambaye shi kwanan akuyarsa. Ya tsaya ya ba ta amsa tiryan-tiryan, don akuyar ba ta da lafiya da gaske.

Na ce da matan kasuwa, ku ba ta wata guda, za ta riga ku isa gona.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

Kwana biyu ina lura, in na tashi sai in tarar da takalmin robar da jar laka. Babu jar laka a cikin gari, sai hanyar sama. Na tambaye ta, ta ce motsa jiki take yi.

Ma Nying ce ta fasa ƙwan. Kullum da sassafe Odette na ɗaukar sanda ta kama hanyar gidan Mama. Ranar farko ko cocin Baptis ba ta wuce ba. Yanzu tana kaiwa gadar katako. Kuma ita Ma Nying ɗin ce ta koya mata tafiyar, munafuka: ƙananan taku, baki a rufe, kada ta miƙe hawa sak, ta riƙa karkatawa dama da hagu kamar akuya, in ta gaji ta huta a tsaye kada ta zauna.

Na ce, "Ke wa ya sa ki?"

Ta ce, "Ke wa ya hana ki? Feli, yarinyar nan ba yawon buɗe ido ta zo ba. Ni ban tambaye ki komai ba, amma ina da ido."

Ban yi faɗa ba. Daga gada zuwa gidan Mama akwai sauran duniya. Ta motsa jikinta.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan coci

Wata mata ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ma Feli, mun ji..." Na ce, "Kun ji me?" Ta sake ni.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Ta kai kurmin itacen turare. Da bakinta ta gaya mini, ba ko ɓoyo, fuska sai sheƙi. Ta ce da ta waiwaya sai ta ga gajimare a ƙarƙashinta, fari fat, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, kawunan tsaunuka sun leƙo kamar tsibirai.

"Ashe kuna da teku, Yaya, kuka ɓoye mini!"

Ta yi dariya, ta yi dariya, sai dariyar ta juye. Na miƙa mata albasa ta yanka.

Laraba, 20 ga Agusta, da magariba

Mun rufe shago muna gasa sabuwar masara a bakin murhu, sai ta ce, "Yaya, na kusa iyawa. Ran Litinin in za ki hau, tare za mu."

Na ce, "Ba ki isa ba tukuna."

"Ƙirjina ya isa. Naki ne bai isa ba."

Na ce ta iya bakinta, a gidana take. Na ce ita jiya-jiya ta san shi, ni kuwa ni na yaye shi lokacin da Mama ke kwance, ni na kama hannunsa na kai shi koyon gyaran inji. Na ce namiji mai ƙarfi irin Keming, ko jirgi ya kife, zai kama katako, zai yi iyo, zai kai gaci ko a ina ne.

Ta ajiye masarar da ke hannunta. A hankali ta ce, "Yaya Feli, Keming bai iya ruwa ba."

Na ce ƙarya ne, mutumin da ya shekara tara a bakin teku.

"Shekara tara, bai taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwarsa ba. Yara har tsokanarsa suke yi, suna ce masa ɗan dutse. Na yi na yi in koya masa, ya ce shi aikinsa ya hana jirgi tsayawa, ba wanka ba. Kuma a ɗakin inji yake, can ƙasa. Na tsaya a bakin ruwa har teku ta gama maido waɗanda za ta maido. Na je jana'izar kowannensu. Ni na yi jirana na gama. Yanzu ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba, ko kuka ba ni da izinin yi a gidan nan sai ki miƙo mini albasa. Ba sanyinku na zo sha ba. Na zo ne in gaya wa matar da ta haife shi, ido da ido, kada ta tsinta a bakin hanya."

Na ce masarar na ƙonewa.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ban je shago ba. Mura.

Juma'a, 22 ga Agusta

Mura ce dai.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Odette ce ke buɗe shago. Ma Nying ta ce ta jiƙa wake tun jiya ba wanda ya tuna mata, kuma masu dako sun ce kada in yi gaggawar warkewa. Kafin ta fita ta kawo mini ruwan citta har gado, ta ce in sha ko ba na jin ƙishirwa. Ja'ira.

Ina kwance ina kallon rufi sai rafin da ke ƙasan gonarmu ya faɗo mini a rai. Lokacin Keming na ƙarami, in za mu tsallaka, sai na goya shi, ya rufe ido gam ya cusa fuska a wuyana. Rafin da ko ƙaurina bai kai ba. Har ya yi wayo yana zagayawa ta gada, ya gwammace nisa.

Na san wannan. Tun farko na san shi. Ban san inda na ajiye shi ba duk makonnin nan.

Lahadi, 24 ga Agusta, da la'asar

Baffa Ndifon ya biyo ta gida daga coci. Ya ce maganar ta kai gidajen da ke ƙasan daji, matar wani mai ɗibar zuma ta ji a kasuwa, kuma gidanta da na Mama kira ɗaya ne.

"Gobe, Felisiya. In ba ki hau ba, ni zan hau da wannan gwiwar tawa, ko da rarrafe ne."

Na ce ba sai ya yi rarrafe ba. Gobe za mu hau, ni da matar ɗansa. Shi ya biyo mu da mutane in ya ji.

Ya ce, "In na ji me?"

Na ce zai ji.

Odette ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Ban hana ta ba.

Talata, 26 ga Agusta, da safe, a gidan Mama

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba.

Mun fita gari na wayewa. Ta sa jakar a kwando ta goya, na ce ta kawo, ta ce kayan mijinta ne. Muka wuce coci, muka wuce gada, muka ratsa kurmin turare tana gaba ina baya. Daga nan ne ba ta taɓa zuwa ba: tudun ciyawa, inda iska ke marin mutum ta ko'ina, hanya kuma ta zama kamar an shafa mata sabulu. Ta zame ta faɗi a kan gwiwa, dutse ya yanke ta. Ta tashi ta ci gaba da tafiya. Numfashinta na fita kamar zuga-zugin maƙeri, amma ƙafa ba ta tsaya ba.

Ni kuwa surutu ya kama ni. Wannan gonar wane ce, wancan amyar zumar wane ce, a nan babanmu ya taɓa kashe maciji. Ta waiwayo ta ce, "Yaya, baki a rufe." A hawan ƙarshe ni ce na yi ta jan ƙafa, ni da aka haifa a kan hanyar nan. Ta tsaya ta jira ni.

Mama na tsakar gida tana watsa wa kaji tsaki. Ta ga doguwar mace tare da ni, ta ƙura ido, ta gane ta daga hoton biki. Ta rangaɗa guɗa, ta rungume ta, kanta ko ƙirjin Odette bai wuce ba. Ta murza hannayenta ta ce sanyi ya cinye 'yar mutane, ta ja ta bakin murhu. Sannan ta koma ƙofa ta leƙa hanya.

"Shi yana ina? Ya tsaya gaishe-gaishe ko? Feli, kamo mini zakaran nan."

Odette ta sauke kwando, ta zaunar da Mama, ta durƙusa ta kama ƙafafunta. Ta ce da ni da buroka, "Kaɗan-kaɗan zan faɗa. Ki mayar mata yadda na faɗa. Kada ki rage, kada ki sa zuma."

Ta ce jirgi ya tashi da safe, teku lafiya lau. Na mayar. Ta ce da yamma iska ta taso. Na mayar. Ta ce jirgin bai isa ba, an nema har an gaji. Na mayar, muryata daidai, kamar mai karanta sanarwa a coci. Sai ta faɗi ta ƙarshe, gajeriya.

Mama ba ta dubi Odette ba. Ni ta duba.

"Me ta ce, Feli?"

Harshenmu na da kalmomi da yawa da mutum zai fake a bayansu. Ya yi nisa. Ba a gan shi ba tukuna. Ana kan nema. Duk suka zo bakina, kuma ko wacce na zaɓa Odette ba za ta gane ba. Na dubi gwiwarta, jini da jar laka sun bushe a kai.

Na ce, "Mama, Keming ya mutu. Teku ta tafi da shi, ba a samu gawarsa ba."

Ga shi har na rubuta.

Mama ba ta faɗi ba. Zuciyar da na yi ta jin tsoro ba ta tsaya ba. Ta daɗe tana kallon wuta, sannan ta ce, "Tambaye ta, ya ci abinci da safen?"

Na tambaya. Ya ci, rogo da kifi, har ya ce barkono ya yi yawa. Na mayar.

"Wace riga ya sa?"

Shuɗiyar nan ta aiki.

"Sun rabu lafiya?"

Odette ta ce sun ɗan yi cacar baki don ya manta sayo gawayi, amma ya kai ƙofa ya dawo ya ja mata kunne har ta yi dariya. Haka na yi ta kai magana ina kawowa tsakaninsu, har na rasa da wane harshe nake kuka.

Daga nan Mama ta ɗauki sandarta ta fita, ta tsaya a bakin gida inda ƙasa ta yanke, ta ɗaga murya. Ban san akwai sauran irin wannan murya a ƙirjinta ba. Gidajen ƙasa suka amsa, na ƙasa da su suka karɓa, kukan ya yi ta gangarawa har gari. Kafin la'asar hanya ta cika, mata da kwandunan masara da itace, maza da tulunan bammi, Baffa a tsakiyarsu ana riƙe da shi, Ma Nying a gaba da buhun dankali.

Mama ba ta tambaye ni tun yaushe na sani ba. Baffa ya so ya yi bayani, ta ɗaga masa hannu.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

An gama. An naɗe kututturen ayaba da kayan da ke cikin jakar, aka binne a madadin gawarsa kusa da babanmu. An yi wa Odette aski kamar yadda ake yi wa mai takaba, iska ta bugi tsurar kanta har ta dafe da hannu biyu. Mama ta cire hular ulunta ta sa mata, ita ta ɗaura ɗankwali.

Ana shirin rufe ramin sai Odette ta matso ta ce a dakata mata. Ta tsaya a bakinsa ta fara waƙa da harshensu, wata doguwar waƙa mai hawa da sauka, ba wanda ya taɓa jin irinta a nan. Baiti na bin baiti, muryarta ba ta yanke ba. Can sai na ji matanmu sun kama amshin, ba su san ma'anar ko kalma ɗaya ba, suna yi suna lilo da jiki. Har Baffa na ga bakinsa na motsi.

Da mutane suka watse muna wanke tukwane a bayan madafa, na tambaye ta me waƙar ke cewa. Ta ce ita suke yi wa wanda ruwa ya riƙe. Ana gaya masa ya ajiye filafili, ya iso gida.

Na ce, "Ai shi bai taɓa riƙe filafili ba. Makaniki ne."

Ta ce, "To ya ajiye sufana."

Muka fashe da dariya, muna yi hawaye na zuba cikin ruwan wanke-wanke, har Mama ta leƙo ta ce ba mu da kunya, gidan makoki ne. Odette ba ta ji abin da ta ce ba, amma ta amsa da "to, Mama" da harshenmu, daidai ba kuskure.

Gobe zan sauka ni kaɗai in buɗe shago. Odette ta ce ita sai an gama karyar masarar Mama. Na ce da wane baki za su yi magana in ba na nan? Ta ce in tafi abina, yau da safe ma sun yi faɗa a kan gishiri, kuma kowa ya fahimci kowa.